Ajin da Ba Shi da Ƙofa

Shekarar da aka ba ni shugabancin wata firamare a bayan Ƙofar Durbi, ruwan farkon damina ya zo da iska, ya yaye rufin ajujuwanmu ya watsa cikin unguwa. Bango ya tsage har ana hango titi. Muka kwashe yara muka koma gindin bishiyar bedi.

Na yi ta sintiri a ofisoshi har aka gaji da ganina, sannan aka turo mana mai zanen gini. 'Yar Filato ce, ta daɗe a Katsina har bakinta ya koma irin namu, kowa Injiniya yake ce mata. Ba ta fara da awo ba. Tabarma ta hau tare da yara, ta tambaye su abin da ya fi damunsu a tsohon aji. Suka ce zafi da duhu. Ranar da ta kawo zanen sai da na yi ƙwalla: ajujuwa sun kewaye tsakar gida, tagogi a can sama don iska ta ratsa, ga ɗakin karatu, ga baranda.

Ba a kai ga haƙa tushe ba mutanen ƙauye suka fara kwararowa cikin gari, 'yan bindiga sun tashe su. Kullum da safe sai in tarar da mata a bakin makaranta, kowace riƙe da 'ya'ya. Wata ta ce mini, "Malama, ba abinci na zo roƙo ba. Ki bar su su zauna inda ake karatu, ko sa manta abin da suka gani."

Ban iya korar kowa ba. Inuwar bedin ta yi mana kaɗan. Wata rana da hantsi wata yarinya da ke zaune a rana ta yanke jiki ta faɗi. Da ta farfaɗo na hau babur sai ofishin Injiniya, ko gaisawa ba mu gama ba.

"Ki soke ɗakin karatun," na ce. "Ki soke tsakar gidan. Ki jera mini ɗakuna kamar shagunan Babbar Kasuwa, in dai za su ɗauke yaran nan."

"Hajiya, in na yi haka tanda zan gina miki. Bazara na zuwa ba mai iya numfashi a ciki."

"To ina zan kai su? Ki faɗa mini, ina?"

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Ta zabura ta kama ni, tana cewa, "Haba Hajiya, ki rufa mini asiri." Nan ƙasa muka baje takardar zanen. Ta daɗe tana kallon ɗakin karatun kafin ta ja masa layi. Ta faɗaɗa barandar, ta sa allo a bayan kowane bango, aji ɗaya ciki, ɗaya waje.

Haka aka gina. Yaran sun samu inuwa, amma ba su samu abin da Injiniya ta so musu ba. In ruwa ya zo da iska, 'yan baranda jiƙewa suke yi, mu cusa su ciki a kan 'yan uwansu, karatun ranar ya tashi. Har yanzu duk damina Injiniya takan zo ta tsaya a barandar, feshi na dukanta, tana neman dabarar tare shi ba tare da ta toshe iska ba. Ba ta samu ba tukuna.