Cikon Bayan Gidanmu Bai Zauna Ba

Me ya mai da Malam wajen tulin ƙasar nan, alhali shi da bakinsa ya ce bai zauna ba? Bana shekara goma sha huɗu da rasuwar mijina, har yau ban sami amsa ba. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne 'yata tana rubutawa, in kuka ya zo mini mu dakata.

Aikinsa gwajin ƙasa ne a wata mahaƙar kuza can kudu da Kano. In an wanke kuza, ragowar ƙasar sai a yi ta tarawa har ta zama tsauni. Shi ke hawa, ya kafa rodi ya yi ta bugu yana kallon yadda yake nitsewa, ya haƙa ɗan rami ya auna nauyin abin da ya kwaso. Sannan ya ce tulin ya zauna ko bai zauna ba. Kalmar nan har gidanmu na unguwar Zaitawa ta biyo shi. Tuwona ma sai ya danna da yatsa ya ce, "Hajiya, sama ɓawo, ciki ruwa. Wannan ba a gini a kansa." In ce masa ya ci ko ya miƙo mini kwanona.

Da damina tulin ya zame ya rufe shi. Abokan aikinsa sun ce da safe ya gwada, ya ce kowa ya kauce. Wasu suka ce mata ya hango suna tsintar kuza a gindin tulin, ya koma ya kore su. Wasu suka ce rodinsa ya manta. Rodin dai an kawo mini, yana nan bayan ƙofata. Allah ya jiƙansa.

Da zai leƙo cikin gari yau, na san ba zai yi shiru ba. Kududdufan da aka haƙa tun kakanni an cike su da shara da leda, an ɗora benaye. Akwai irin wannan cikon a bayan gidanmu. Babban ɗana yana so ya gina ɗakuna a kai ya tare da iyalinsa, har ya sauke siminti da rodi daga kasuwar Ƙofar Ruwa. Da na ce ban yarda ba, sai ya ce:

"Umma, shekara nawa da cikewa? Awaki ma a wurin suke kwana."

Na ce, "Jikokina ba awaki ba ne."

Ya yi fushi, gaisuwarsa ta gajarce. Na daure. Ba a aza bulo ko ɗaya sai ya kawo mai wannan aikin da kayan awonsa, ya haƙa, ya auna a gabana. In ya ce ya zauna, ni zan fara zuba ruwan kwaɓi. Kafin nan tabarmata tana wurin, ina kai.

Kamannin Malam sun fara ɓace mini, wannan ya fi komai sa ni kuka. Amma maganarsa ba ta motsa ba. Ranar da zai tafi, har ya kai zaure ya juyo ya ce, "Kada ki bari kowa ya ɗora komai a cikon nan. In na dawo zan gwada shi."