Wata Uku Ina Kallon Ƙafarka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malaminmu Dokta Abdulmuminu, wanda muke kira Baba Dokta, a gidansa da ke Fagge, yana da shekara sittin da ɗaya. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Ni Almu, ɗaya daga cikin likitocin da ya horar, na ɗauki alƙalami ne domin kewa ta hana ni sakat, kuma domin akwai maganar da ka koya mini in faɗa, Baba, na riƙe ta a baki har ta yi latti.

Na zo hannunka a 1975, ɗanyen likita, kaina cike da littafi. Lokacin kuɗin mai ya buɗe, ko'ina gini ake yi, injuna na zuwa daga Turai suna kwana cikin akwatunansu don ba mai iya kunna su. Abokan karatuna duk sun tafi neman ƙwarewa a tiyata ko ido. Kai kuwa kana nan a ɗan asibitinmu na bayan Titin Ibrahim Taiwo, tsakanin Fagge da Sabon Gari, kana koyar da aikin likitan iyali, mai duba jariri da uwarsa da kakarsa a benci ɗaya. Kakan ce takardar shaida ba ta nuna ko likita yana aiki daidai, sai an riƙa duba aikin nasa ana sake dubawa.

Haka ka kawo zaman Alhamis. Duk katin marar lafiya da aka rubuta a mako sai a zuba shi cikin wani kwandon kaba. Sista Philomena, babbar nas ɗinmu, ita ke zaro goma tana kallon rufi. A liƙe sunan likita da 'yar takarda, a bi kati layi layi. An auna jini? An tambayi abin da mutum ke sha a gida, na kemis ko na gargajiya? An sa masa ranar dawowa, kuma ya dawo? In bai dawo ba, wa ya bi sawu? Ka kuma kafa doka cewa ƙarami shi ke fara magana, don kada ya ji bakin manya ya bi. Manyan likitoci biyu suka yi fushi suka daina zuwa, wai an mai da su 'yan firamare. Kai kuwa sai ka ɗebo naka katunan ka zuba cikin kwandon a gaban kowa.

Abin da ba ka lissafa ba shi ne tarbiyyarmu. An liƙe suna, amma wa bai san rubutunka ba, da koriyar tawadar nan taka? Mu da aka raina a kan cewa yaro ba ya gyara wa babba zance, da mun hango kore sai kowa ya sunkuyar da kai.

A azumin 1976 aka zaro katin Hajja Yakaka, wata dattijuwa 'yar Barno mai sayar da turaren wuta a bakin tashar jirgin ƙasa. Ciwon suga gare ta. Kwana biyu kafin nan ka ƙara mata ƙarfin ƙwaya, ka rubuta ta sha da safe, ba ka tambaye ta ko tana azumi ba. Ina karantawa na gani: in ta haɗiye ta da sahur ta wuni ba ci, suganta zai faɗi ƙasa. Ni ne ƙarami, ni zan fara. Na ce, "Ban ga wata matsala ba, Baba." Na kusa da ni ya maimaita, na gaba ma haka. Da katin ya iso hannunka ka duba, na ga fuskarka ta sauya.

"Almu, ka gani ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Baba."

"Tashi mu je."

Ka goya ni a babur ɗinka basfa, muka ratsa cunkoson motocin siminti har tasha. Muka tarar da ita jingine da bango, gumi ya jiƙa ta, ba ta gane mutane, maƙwabtanta na yi mata fifita suna cewa wahalar azumi ce. Nan a ƙasa ka durƙusa ka yi mata allurar suga. Da ta farfaɗo, abin da ta fara yi shi ne faɗa, wai wane ne ya karya mata azumi ana saura kaɗan la'asar. Ka yi dariya har da hawaye, ka ba ta haƙuri, ka ce laifinka ne. A hanyar komawa ba ka yi mini tsawa ba, da ma ka yi. Cewa kawai ka yi, "Kuskuren nawa ne, amma kunyarka ce ta kusa binne ta." Daga makon nan Sista Philomena ta riƙa buga katunan a tafireta kafin zama, kowa ya koma baƙar tawada ɗaya. Kuskuren naka kuwa da kanka ka rubuta shi a allo, ya yi wata guda ba ka bari an goge ba.

Na ɗauka na warke daga wannan ciwo. Na zama mai baki a zaman Alhamis, har kana tsokanata da Almu mai reza. Ashe gyara kati a takarda daban, duban idon mutum daban.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce na lura ka ajiye takalminka sau-ciki ka koma silifa. Na ga idon sawunka ya kumbura. Na ga kana tsayawa a tsakiyar matakala kamar mai tuna wani abu, alhali numfashi kake nema. Da a benci na ga haka ga wani tsoho, da ban bar shi ya tafi gida ba. Amma kai ne. Kullum sai in ce gobe, in ce ai ya fi ni sani, in ce wane ni in ce wa Baba ya kwanta in duba shi. Wata uku cur ina kallon ƙafarka ina gaishe ka, kana cewa lafiya lau, ina cewa madalla.

Ranar da na yi ƙarfin hali, a ƙarshen Fabrairu, ba ka yi musu ba. Ka kwanta a gadon awo kamar kowa. Jininka ya hau inda ban taɓa zato ba, zuciya ta gaji, ruwa ya taru a huhu. Kai da ka tsara yadda za a duba aikin kowa, shekara shida ba wanda ya auna ka. Ka tambaye ni tun yaushe na gani. Na faɗa maka gaskiya. Sai ka ce in rubuta ranar da na fara gani da ranar da na yi magana, duka biyun, kuma in karanta wa sababbin likitoci da bakina, ba tare da an ɓoye sunana ba. Muka fara magani, ya ɗan karɓa, ka yi mako uku.

Na san kwana ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Malamai sun faɗa mini, mahaifina ma ya faɗa. Amma ni likita ne, kai ka koyar da ni, na san abin da wata uku ke yi wa zuciya. Jibi Alhamis zan tsaya gaban yara shida da muka ɗauka bana in karanta, kamar yadda ka ce. Ba karatun nake tsoro ba. Abin da ke karya mini zuciya shi ne in gama in ɗaga kai, ba mai ce mini na yi daidai ko ban yi ba. Ina kewarka, Baba, kewar da ban san ana yi wa wanda bai haife ka ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Ummakulsum, da 'ya'yanka Maje da Nana, da Sista Philomena wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a gefenka, da mutanen Fagge da Sabon Gari da suka cika layi, Musulmi da Kirista, har ba wurin shimfiɗa tabarma. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka kamar yadda ba ka taɓa ɓoye su ba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ni kuma ban samu bakin roƙonka kana raye ba, kunyar dai ce ta sake hana ni. Ka yafe mini, Baba.