Ranar Da Aka Kori Mai Nono Daga Layin Tallafi

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarar korona, wasu har na manta su, amma ranar rabon tallafin masu ciki a ƙauyenmu na yankin Gangara ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah.

Lokacin ina jego. Iyakar Najeriya a rufe take, kasuwa ta mutu, hatsi ya yi tsada. Sai wani poroje na agaji ya aiko wa ƙungiyarmu ta mata da hatsi, wake, mai da sabulu, aka ce na masu ciki ne da masu shayarwa. Da yake ba mu da wurin ajiya, aka sauke kayan a lakol, makarantar boko, wadda aka rufe saboda cutar, aka damƙa makulli da rabon a hannun wani dattijo ɗan kwamitin gari.

Ranar rabo muka yi layi cikin rana, kowa da ƙyalle a hanci. A gabana akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono daga ruga. Mijinta ya yi kudu da shanu, rufewar iyaka ta rutsa da shi can, ya bar mata saniya guda. Nonon ma mutane sun daina saye, wai a cikinsa ake ɗaukar cuta. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, kuma a ƙasa ta tako tun daga ruga.

Da layi ya zo kanta, dattijon ya dube ta sama da ƙasa, ya mayar da tiyar awo cikin buhu.

"Ke kuma daga ina?"

"Daga ruga, Baba," ta ce a hankali.

"Wannan na ƴan gari ne. Ku da yau kuna nan gobe kuna can, wa ya san abin da kuka kwaso? Matsa can, kar ki shafa mana."

Mutumin da ake dama masa fura da nonon rugarsu tun kafin in yi wayo, shi ne ya faɗi haka. Matan da ke kusa da ita suka dare. Ita kuwa ta ɗauki ƙwaryarta ta juya. A daidai lokacin na hango ana ɗora buhu guda cur kan amalanke, za a kai gidan ƙanensa, gidan da babu mai ciki, babu mai goyo.

"Baba, da girmanka," na ce. "Nata cikin ba ciki ba ne?"

"Ke ɗiyar nan, ni kike gaya wa magana?"

"Masu ciki aka ce, ba a ce ƴan gari ba. In ba a ba ta ba, ni ma ba na so."

Na kife kwanona, na zauna a ƙasa da goyona. Shugabar ƙungiyarmu, wata tsohuwa mai dogara sanda, ta tako ta zauna kusa da ni. "Dattijo, a sauke wancan buhun," ta ce masa. Sauran mata suka bi, har layin ya zama babu kowa tsaye. Ba kunya ce ta kama shi ba, tsoro ne, don ya san ma'aikatan poroje suna kan hanya. Ya sa aka sauke buhun, ya auna rabon matar yana ƙunƙuni. Amma ita ta riga ta yi nisa. Da baƙin suka iso, da kunnena na ji shi yana ce musu, "Mu nan ba mu ware kowa ba." Har hoto suka ɗauke shi yana murmushi.

Da la'asar ni da tsohuwar muka kai mata kayan. Muka tarar tana dafa ganyen tafasa, ba ko garin da za ta zuba. Ta dubi kayan, ta ce, "Mi yetti, na gode, Inna. Amma ƙafata ba za ta ƙara taka garinku ba."

Ba ta kuwa ƙara ba. Awon ciki da take zuwa ɗakin likitan garinmu, ta daina. Da naƙuda ta zo, a ruga ta durƙusa, jini ya ɓalle mata, da ƙyar aka kai ta asibitin Gazawa. Ta rayu, jaririn bai rayu ba. Rai na Allah ne, ban ce dattijon ya kashe shi ba. Amma na san bakin da ya toshe mata hanyar likita, kuma har yau mai bakin yana zaune a sahun gaba duk inda aka yi taro.

Tun daga nan ƙungiyarmu ba ta sake ba wani makullin kayanmu ba, kuma in rabo ya zo, daga ruga muke farawa. Abin da na koya shi ne, tallafi ba ya isa ga mai buƙata don kawai an aiko shi, sai an tsaya a kansa. Kuma hatsi ana iya bin mutum da shi har gida, amma mutuncin da aka zubar masa a gaban jama'a, babu amalanken da zai kai masa.