Zazzaɓin Mai Feshi

Shekara goma sha tara Mai Feshi ya yi yana yawo da tanki a baya. Aikinsa ya shiga gida, ya sa a fitar da tukwane da randuna tsakar gida, ya feshe bango daga sama har ƙasa, sannan ya rubuta kwanan wata da alli a jikin ƙofa. Da ya ba da baya, wasu matan sai su sake yaɓe bangon saboda wari. Manyansa sun ce masa nan da shekara biyar sauro zai zama labari, shi kuwa ya yarda har zuciya. Daga baya sauro ya saba da maganin, aka rufe aikin, aka karɓe tankin. Sunan kawai aka bar masa.

Da sunan ya tsufa. Bai taɓa kwana cikin gidan sauro ba, don a ganinsa miƙa wuya ne. Yakan ce sauro ya san warinsa.

Bana sai ga shi kwance kwana uku, bargo biyu, haƙora na kaɗawa.

"Gajiya ce," in ji shi.

"Gajiyar me, Malam?" matarsa ta tambaya. "Ta zaman benci?"

'Yarsa ta biyu, ma'aikaciyar jinya, ta zo da abin gwaji a jaka. Ya ɓoye hannu cikin bargo. Ba allura yake tsoro ba. Tsoronsa abokan hirarsa na bakin shagon tela, waɗanda duk damina yake yi wa gori in zazzaɓi ya kayar da su.

"Baba, kawo yatsa," ta ce. "In ya hau kai sai asibiti, kuma a gaban kowa za a fita da kai."

Ya auna maganar. "Rufe taga tukuna."

Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne. Ya daɗe yana hararar abin.

"Wannan sauron baƙo ne. Na zamaninmu bai isa ba."

"To, sha wa baƙon magani," in ji matarsa, ta miƙo kofi.

Ya haɗiye ƙwayoyin. Da la'asar 'yar ta hau kujera tana ɗaura gidan sauro a kan gadonsa. Daga kwance yake binta da ido.

"Kusurwar can ta yi sako-sako. Tura gefen ƙarƙashin katifa, ba haka ake aiki ba."

Da ta gama, ya kira ta da murya ƙasa-ƙasa.

"In tela ya leƙo, ki ce na jikoki ne."