Maƙoƙon Inna

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In na zo Nahuce daga Gusau, inda nake da rumfar yadi, sai in durƙusa a bakin ɗakinta in gaishe ta. Ita kuwa sai ta ja mayafi har haɓa, ta juya wa ƙanwata ta ce a ba baƙo ruwa. Mutanen garinmu suna yaba mata wannan kunya, har misali ake yi da ita. Ni ma na yi alfahari da abin, kafin ya zame mini abin haushi.

Ƙanwata ce ta tare ni a zaure wata Juma'a.

"Yaya, Inna ta ce kada a hwaɗa ma. Wani kumburi na ga wuyanta, ya daɗe. Yanzu ko tuwo ba ta iya haɗewa."

Duk gidan sun sani. Sun ce maƙoƙo ne irin na kakarmu, wadda ta tsufa da nata lafiya lau. Wanzami ya yi mata tsaga, an shafa magani, an kawo jiƙo daga Tsafe. Muryarta ta daɗe da dushewa. Ni kaɗai ban lura ba, tunda ba ni ake yi wa magana da ita ba. Na yi faɗa ranar nan kamar zan ci mutum, Inna tana ciki tana ji.

A asibiti a Gusau aka tsotsi kumburin da allura aka auna. Likita ya ce ba maƙoƙo ba ne, ciwon daji ne a wata tsoka da ke gaban maƙogwaro. Ya ce ƙwayoyin jiki suna da umarni a cikinsu na lokacin da za su daina hayayyafa, nata ne ya lalace, suka yi ta ƙaruwa. Irin wannan, in an zo da wuri, ana cire tsokar, a ba mutum wani magani mai ƙone ragowar, ya ci gaba da shan ƙwaya kullum, ya rayu. Nata ya riga ya kama jijiyar murya, ya gangara huhu. Sai ya tambaye ni ina nake duk tsawon lokacin nan. Na rasa yadda zan yi masa bayanin uwa mai jin kunyar ɗanta.

An yi mata aiki don ta samu numfashi. Da ta farfaɗo, muryar ta tafi, saura raɗa. Ƙanwata ta fita ɗebo ruwa, daga ni sai ita a ɗakin. Na ga leɓenta yana motsi. Ta duba ƙofa, babu wanda za ta aika. Sai ta miƙo hannu ta kamo wuyan rigata, ta jawo kunnena daf da bakinta.

"Ka ci abinci?"

Na ce na ci, alhali ban ci ba. Ta sake ni ta juya fuska bango.

Ba ta kai lokacin kaka ba. A zaman makoki mata suka yi ta cewa ba a sake yin mai kunya irinta ba. Na tashi na bar musu wurin.