Kaset Ɗaya da Ya Rage a Rediyon Baba

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar mahaifina, Umaru mahauci na Ƙofar Atiku, wanda mu 'ya'yansa muke kira Baba. Allah ya jiƙansa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, kuma ba don yayen ɗiyata Hauwa'u ba, da bana ma ban rubuta ba.

Tun ina da cikinta nake tsoron yaye. Wasu matan naƙuda suke tsoro, ni kuwa yaye ne ya hana ni sakewa. Dalili shi ne, tun ina ƙarama Inna, mahaifiyata, take ba da labarin nawa yayen a duk taron sunan da ta zauna: yadda na ƙi ci na ƙi sha har idona ya faɗa, yadda maƙwabta suka fara shigowa suna cewa a yi haƙuri. Tana faɗa ana dariya, tunda ga ni zaune da raina. Ni ban taɓa yin dariyar ba. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, to ni labarin saran kawai aka yi ta ba ni, kuma ya ishe ni gudu.

Abin da ya cece ni a lokacin, in ji Inna, rigar rediyo ce. Baba yana da rediyo mai kaset, Inna ta ɗinka masa riga da ragowar wata jar atamfa don kada maiƙo ya ɓata shi. Ranar da kukana ya ishi kowa, sai Baba ya zare rigar ya miƙa mini. Na damƙe, na sa gefenta a baki, na yi shiru. Daga ranar rediyo bai sake ganin rigarsa ba. Har na kai shekara bakwai ina yawo da ita. A gidanmu sunanta Tawa, don duk wanda ya taɓa ta abin da nake faɗa ke nan. Tana ƙamshin hayaƙi da kitse, kuma in Inna ta faki idona ta wanke ta, sai in yi fushi har ƙamshin ya dawo.

Rigar nake so, amma abin da ke fitowa daga cikin rediyon ba na ƙaunarsa ko kaɗan. Baba mawaƙi ɗaya yake saurare a duniya, wani dattijo mai kalangu da ke zuwa daga ƙauyukan bayan Dundaye yana yi wa mahauta waƙa ranar kasuwa. Ba a sayar da kasetinsa a shago. Baba ne da kansa yake ɗaukarsa, ya rungume rediyo a hammata ya tsaya kusa da shi. Shi ya sa a cikin waƙar ana jin kukan akuya, da ƙarar babur, da tarin da dattijon ke yi tsakanin baiti da baiti. Mu yaran gida Mai Tari muke kiransa. Kullum Baba ya dawo bayan la'asar, sai ya wanke hannu da toka da sabulu, ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya danna. Kansa na kaɗawa, babban yatsan ƙafarsa na motsi.

Kowa ya san kalangu kiɗan mahauta ne. A Islamiyyarmu akwai 'yan mata uku da in na shigo sai su fara buga shi da yatsu a kan benci, suna ce mini ɗiyar rundawa, wato mahauta. Gidanmu kuma a bakin hanya yake, duk mai wucewa yana ji. Na sha roƙon Baba ya rage murya. Ba ya faɗa. Yakan rage kaɗan ya ce, "Ɗiyata, ba ki ji shi ba tukuna. Ran da kinka ji shi, ke za ki ce in ƙara."

Ina da shekara goma sha shida ya rasu, bayan jinyar da ba ta wuce mako biyu ba. Damina ta yi nisa, gero ya fara ido, sai ga Baffa Shehu, ƙanen Baba da ke noma a Dundaye, ya zo gaisuwa. Cikin hira ya ce tsuntsaye sun dame shi, ko akwai tsofaffin kaset a gidan. Manoma kan zare zaren kaset su ɗaure shi daga kara zuwa kara, in rana ta haska shi yana walƙiya, iska kuma na sa shi ƙugi, sai tsuntsu ya ji tsoron sauka. Inna tana takaba a ɗaki. Ni na shiga na jawo kwalin kaset ɗin Baba gaba ɗaya na dire a gaban Baffa. Sau biyu yana tambayata ko na tabbata, na ce ya ɗauka. Bayan 'yan makonni na je Dundaye na ga gonar tana ta ƙyalli daga wannan gefe zuwa wancan. Gaskiya zan faɗa, ban ji komai ba. Na ma ce abin ya yi kyau.

Aka yi mini aure da Sani, muka zauna a Mabera, Allah ya ba mu Hauwa'u. Da ta shekara ɗaya da wata goma, aka ce lokaci ya yi. Na nemi a ƙara wata ɗaya, aka ƙara. Na nemi wani, Inna ta ce wadda ta yaye shida ba za a koya mata lissafin wata ba. Na kai mata yarinya ranar wata Asabar, na haɗa da kayanta da garin kunu, ta karɓe ta ta kore ni. A al'ada uwa ba ta bari yaron ya gan ta sai an gama, don in ya gan ta aikin ya koma baya.

Kwana na farko aka ce mini tana kuka, ai dama za ta yi. Na biyu aka ce ruwa kawai take karɓa, kunu kuwa ko an ɗura sai ta furzar. Rana ta uku da hantsi na ajiye wanke-wanke a tsakar gida na hau keke napep zuwa Ƙofar Atiku. Tun daga bakin ƙofa na ji muryarta, ta dushe, kamar ta ɗan akuya. Inna ta tare ni a zaure. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai nuna mini wani tsohon turmi da aka kifa a bayan ƙyaure, ta ce in zauna nan, kada in yi ko tari. Na zauna. Ƙirjina ya cika yana ciwo, gaban rigata ya jiƙe.

Ta tsagar ƙyauren nake ganin tsakar gida. Inna ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati daga ƙarƙashin gado, sai ga ta da Tawa a hannu. Ban san ta ajiye ta ba. Jan ya koɗe, gefen da nake tsotsa ya zama zare-zare. Ta miƙa wa Hauwa'u. Yarinyar nan ko kallo na biyu ba ta yi mata ba, ta yi jifa da ita cikin kwata. Inna ta ɗauka ta kakkaɓe, ta zagayo zaure ta jefa mini a cinya, ta ce ƙasa-ƙasa, "Riƙe kayanki, ke ta sani."

Wajen jan akwatin ne ta ci karo da rediyon. Ta ce mini daga baya ita dai hayaniya take nema, ko wace iri, da za ta ɗauke hankalin yarinya. Ta zare batir daga tocila ta sa, ta danna. Ashe akwai kaset a ciki, wanda Baba ya saurara na ƙarshe, shi ya sa bai shiga kwalin da na bayar ba. Ya fara da jan murya kamar ba zai tashi ba, sannan kalangu ya kama.

Hauwa'u ba ta yi shiru nan take ba. Kukan ya dinga raguwa, ya koma shessheka. Ta juya tana neman inda sautin yake, sannan ta kwantar da kai a kafaɗar Inna. Da aka ɗan jima Inna ta kawo ludayi bakinta. Ta sha. Ta ƙara. Na ga maƙogwaronta yana motsi.

Ni kuwa ba halin tashi, ba halin magana, don haka na zauna a kan turmin na saurari gefen kaset ɗin tun daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Duk zatona Baba yana son mutumin ne don yana ambaton sunansa. Babu sunan Baba a ciki. Mawaƙin ya fara da manyan dillalan shanu, ya wuce su da sauri, sannan ya zauna a kan ƙaramin mahauci mai tebur ɗaya, wanda mutane ke zaton 'ya'yansa na cin nama kullum, alhali abin da ya yi kwantai suke ci. Ya yi magana a kan shayar da dabba ruwa kafin a kayar da ita, da wasa wuƙa inda ba za ta gani ba. Muryarsa a tsage take, amma duk abin da ya faɗa sai kalangun ya amsa masa kamar mutum biyu na hira. Da ya zo wurin tarin nan da muke yi wa dariya, sai na ji a cikin kaset ɗin wani kusa da rediyon ya ce masa sannu. Baba ne. Na ji kaset ɗin nan ya fi a ƙirga ina yarinya, ban taɓa lura ba. Da na farga, Tawa tana dunƙule a hannuna.

Da Hauwa'u ta yi barcin rana Inna ta fito ta same ni. Na tambaye ta yadda aka yi yarinyar da ba ta taɓa jin kalangu ba ta san shi. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa. "Ke ba ki san abin da hannunki ka yi ba? In kin goya ta kina bubbuga mata baya, ai wanga kiɗin na kike yi. Tun ran suna nike kallonki." Na ɗora hannu a gwiwa na yi yadda na saba yi mata. Shi ne, bai kauce ba.

Aka gama yaye lafiya. Hauwa'u ta dawo Mabera tana cin tuwo har tana ƙwace na wasu. Amma a kwana na shida rediyon ya tauna kaset ɗin. Sani ya kwance shi, ya yanke inda ya dagule, ya liƙe da jan farce, muka kara waya a jikin rediyon muka ɗauki abin da ya saura. Bai kai rabi ba. Waƙar ƙaramin mahaucin, wadda ta ƙetara zuwa ɗaya gefen da ban kai ga saurara ba, ta yanke a tsakiya, ban san yadda ya ƙarasa ta ba. Abin da ya ragen nake sakawa in ina girki, kuma ba na ragewa don maƙwabta.

Nakan yi tunanin abin da Baba zai ce in ya ga zamanin nan. Waya ɗaya na ɗaukar waƙoƙin da kwalinsa goma ba zai ɗauka ba. Masu fawa na yanzu suna yanka nama da abin sauraro a kunne, kowa da nasa, na kusa da shi bai san me yake ji ba. Ina jin ba zai kushe ba, don ba mai kushe ba ne, amma zai yi mamakin waƙar da ba a jin kasuwa a bayanta. Abin da ya fi damuna shi ne kwalin. Na tambayi Inna ko tana ganin zai yi fushi da ni. Ta ce Umarun da ta sani tambaya ɗaya zai yi, ko geron ya yi kyau. Ta yi dariya, ni ma na ɗan yi. Amma da-na-sani ƙeya ce, a baya take, kuma tawa ba ta daina bina ba.

Baba bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Teburinsa wani ne ke fawa a kai yanzu, wuƙaƙensa suna wurin yayana. Da ina ganin ni ce na tashi a tutar babu. Yanzu na san rabona ya fi na kowa saurin amfani, tunda shi ya sa jikarsa ta buɗe baki ranar da na fara fid da rai. Haƙurinsa ma ya rage mana, irin na mutumin da ɗiyarsa ke jin kunyar abin da yake so, bai taɓa riƙe ta a zuci ba.

Abin da ban samu ba shi ne sunan mawaƙin. Inna ta ce Baba "mutumina" kawai yake ce masa. Baffa Shehu ya manta. Sani ya tambayi tsofaffin mahauta biyu, kowa ya ba shi suna daban, suka kusa yin faɗa a kai. Abin da suka yarda da shi baki ɗaya shi ne gajere ne, a kan keke yake zuwa, ba shi da 'yan amshi, kuma ya daɗe da rasuwa.

Ina ɗauke da wani cikin yanzu, wata biyar. Wani yayen na tafe, kuma tsorona bai tafi duka ba. Don haka nake roƙon masu karatu, musamman 'ya'yan mahautan Sakkwato da kewaye: in akwai tsohon kwalin kaset na mahaifinku a ƙarƙashin gado, ku saurara kafin ku bayar. In kun ci karo da wannan dattijon, ko kun san sunansa na gaskiya, ku aiko da saƙo ta hannun wannan jarida. Ba kaset ɗin zan karɓe muku ba, a waya zan ɗauka in mayar muku da abinku. Ina so in ji ƙarshen waƙar, kuma in na yi wa Baba addu'a in haɗa da shi da sunansa.