Motaleb Mai Karya Bayan Littattafai

Motaleb Bepari a kasuwar Nilkhet ta Dhaka ya yi furfura yana aikin fotokofi, kuma babu littafin da ya shiga hannunsa ya fita lafiya. Zai baje shi a kan gilashi ya danna da gwiwar hannu, in ya yi gardama ya ɗora masa tumbi har ɗinkin ya ce ƙas. Ta fannin ibada kuwa sai a hankali. Matarsa Rowshan Ara ta yi nasiha har ta gaji, ta koma kai ƙararsa wurin Allah.

Ran nan wani tsohon injiniya ya kawo masa jibgegen littafin sarrafa kwamfuta, na zamanin da inji ɗaya ke cika ɗaki.

"Hoton kowane shafi nake so. Shi kaɗai ya rage. Ka kuskura ka baje shi, ni da kai ne."

Motaleb ya kai shi gida yana zufa. Can ya hango rehal, katakon da ake ɗora Alƙur'ani, wanda ke riƙe littafi rabi a buɗe. Ya ɗora, ya ɗaure wayarsa a sandar gora daga sama don ɗaukar hoto, ya wanke hannu saboda maiƙo, ya lulluɓa da mayafi don ƙyallin rana, ya duƙa yana juya shafi a hankali.

Rowshan Ara ta leƙo ta gan shi, ta ɗauka Alƙur'ani yake karantawa, ta fashe da kukan daɗi. Kafin la'asar unguwa ta ji Motaleb ya shiryu. Kan kifi, rabon girmamawa a gidan, ya zama nasa kullum. Mai shayi ya daina ce masa "Tumbi", har yana roƙon addu'a. Kunya ta ishi Motaleb, amma ya kasa ɓata wa matarsa wannan farin cikin.

Da aiki ya ƙare, littafi ya koma lafiya lau, sai ya tsaya gabanta yana sosa ƙeya.

"Maman Shefali, akwai maganar da..."

"Ta littafin injin? Baban Shefali, makauniya ce ni? Tun kwana na biyu na ga zanen wayoyi."

"To, kan kifin fa?"

"Na ga ashe kana iya zama wuri ɗaya ne." Ta ajiye masa Alƙur'anin mahaifiyarsa a gaba. "Bismillah. Wannan ma a hankali ake buɗe shi."

Motaleb ya tashi ya nufi buta.